Igiyar shanya ko injin busar da kaya: wanne ya dace da inda kike zaune?

Bara, lokacin da ake haɗa wa ƙanwata kayan ɗaki, ta turo mini jerin abubuwan da take so a saya. Gado, kujeru, firji, injin wanki, sai can ƙasa na ga ta rubuta injin busar da kaya. Gidan da za ta tare a Kano yake, da tsakar gida mai faɗi wadda rana ke duka tun hantsi har la'asar. Na kira ta na tambayi dalili. Ta ce, "Haba Yaya, ke ma ai kina da shi." Na ce ina da shi, amma a Manchester, garin da sai a yi mako guda ba a ga ƙwayar rana ba. Hajiyarmu tana gefe tana ji, ta karɓe wayar ta ce, "Ku dai 'yan zamani, ranar da Allah ya ba mu kyauta ce kuke so ku saya da kuɗi?"

Game da Kano, Hajiya ta yi gaskiya. Amma ni na taɓa ɗaukar wannan ra'ayin na kai shi Ingila, na kuma ga abin da ya haifar a bangon ɗakin yarana. Tun daga nan na daina kallon injin a matsayin kayan alfahari, na daina kallon igiya a matsayin alamar rashi. Iskar garin da kike, kuɗin wutarsa, da filin da kike da shi, su ne ke yanke hukunci.

Abu uku ke busar da jiƙaƙƙen kaya: iskar da ba ta cika da danshi ba, kaɗawar iskar, sai zafi. A hunturun Kano ko Damagaram danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Abin da ke tsaga leɓe da kaushin ƙafa, shi ne ke sa zanen da aka shanya bayan karin kumallo a kwashe shi kafin azahar. A Manchester kuwa, a watan Nuwamba danshin yakan haura kashi 80, rana ta faɗi wajen ƙarfe 4 na yamma, tawul ya kwana biyu a igiya ki taɓa ki ji shi sanyi ƙalau. Aikin injin shi ne ya ƙirƙiro bazara a cikin ganga: ya hura iska mai zafi yana jujjuya kayan. Kuɗin da ake biya, kuɗin wannan bazarar ce.

Injinan ba iri ɗaya ba ne, kuma masu shago ba su cika tsayawa su yi bayani ba. Akwai mai bututu, wanda ke fitar da tururin waje ta rami a bango. Akwai mai kondensa, wanda ke tara ruwan a wani ɗan tanki da ake zarowa a zubar. Waɗannan biyun kan sha yunit 4 zuwa 5 na wuta a cikakken zubi ɗaya na kilo 8. Na ukun shi ne mai famfon zafi, wanda ke aiki da irin dabarar firji, yana sake juya zafinsa maimakon ya zubar. Yakan sha yunit 2 ko ƙasa da haka, zafinsa bai cika wuce digiri 50 da 'yan kai ba, don haka bai cika cin kaya ba. Aibinsa tsada wajen saye da nawa wajen aiki. Suwizalan tun 2012 ta hana sayar da sauran, Tarayyar Turai ma daga 1 ga Yulin 2025 ta kafa ƙa'idar da kusan shi kaɗai ke iya cika ta.

A Amurka, kusan gida takwas cikin goma na da injin. Ana gina gida da gurbinsa, da soket na musamman mai bolt 240 da ramin bututu a bango, wutar kuma ba ta kai ta Turai tsada ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba yanayi ne ya kawo haka ba. Phoenix ta jihar Arizona hamada ce, bushewarta ba ta da nisa da ta Agadez, amma can ma ganga ake juyawa. Al'ada ce ta kafu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da sababbin unguwannin bayan gari suka cika da kayan lantarki, har igiyar shanya ta koma abin da ake dangantawa da talauci. Ƙungiyoyin masu gidaje na unguwanni da yawa sun rubuta a dokokinsu cewa ba a shanya a waje, wai yana rage darajar gidajen. Wata 'yar'uwata da ke zaune a bayan garin Atlanta ta shanya zannuwanta uku a bayan gidanta ranar wata Asabar, kafin sati ya zagayo takardar gargaɗi ta iso akwatin wasiƙunta. Ta ce abin da ya fi ƙona mata rai, ranar ana zabga rana irin ta watan Afrilu a gida.

Wasu jihohin sun yi dokar da ta soke irin wannan hani. Florida na cikin na farko, Vermont da Maine da Hawaii sun bi a 2009, California a 2015, lardin Ontario na Kanada kuma a 2008. Don haka duk wadda za ta kama haya ko ta sayi gida a can, ta karanta dokar unguwar da ta jihar kafin ta ɗaura igiya. In kuma injin za a yi amfani da shi, akwai abu ɗaya da ba a wasa da shi: rariyar da ke tare burbushin zare. Hukumar kashe gobara ta Amurka ta taɓa ƙiyasta cewa injinan busar da kaya na haddasa gobara kusan 2,900 a gidaje duk shekara, kuma babban dalili shi ne rashin tsabtacewa. Burbushin nan kamar auduga yake, tartsatsi kaɗan ya ishe shi. A kwashe shi bayan kowane zubi, kada a kunna injin a fita unguwa, kada a kunna a kwanta barci.

Ingila ce na fi sani, kuma a nan ne zaɓin ya fi wuya. Gidaje fiye da rabi kaɗan ne ke da injin, saura igiya ce a bayan gida lokacin zafi, da marataya ta ƙarfe a cikin ɗaki lokacin sanyi. Shekararmu ta farko ba mu da inji. Ina wanki, in jera kayan yara a kan hitar bango, in rufe tagogi ruf saboda sanyi. Da safe sai in ga raɓa na gangarowa a jikin gilashi, in sa tsumma in goge, ban kawo komai a raina ba. Wata rana na ja gadon ƙaramin ɗana zan yi shara, sai na ga bangon bayan gadon ya yi baƙi ƙirin da fumfuna tun daga ƙasa har tsawon gwiwa, ga wani wari kamar na rumbun da ruwa ya shiga. Yaron kuwa ya kwana biyu yana tari da dare.

Zubin wanki ɗaya yana sakin ruwan da ya kai kusan lita 2 a cikin iskar ɗaki. Ruwan nan ba ɓacewa yake yi ba, bango mafi sanyi yake nema ya kwanta. A gida Najeriya taga a buɗe take, iska na shiga tana fita, shi ya sa ba mu san wannan matsalar ba, kuma 'yan'uwanmu da yawa da suka zo karatu ko aikin jinya suna faɗawa cikinta a sanyinsu na farko. Fumfuna ba ƙazanta ce kawai ba, tana tayar da asma, tana lalata huhun yara. A watan Disamban 2020 wani yaro ɗan shekara 2, wanda iyayensa suka zo daga Sudan, ya rasu a Rochdale, nan kusa da mu, kuma bincike ya tabbatar da cewa daɗewa cikin fumfunar gidan hayarsu ce sanadi. Laifin a can na masu gidan ne da suka ƙi gyara duk da ƙorafin iyayen, har daga baya aka yi doka a kan haka. Na kawo maganar ne don a san cewa danshi a ɗakin yaro ba abin sakaci ba ne.

To sai kuɗi. A ƙarshen 2022, lokacin da wuta ta kai kusan fam ɗaya a yunit uku, zubi ɗaya a injin kondensa yana cin kusan fam ɗaya da rabi. Mai yara uku da ke wanki sau biyar a sati za ta ji a jikinta. Da yawa sai suka koma wata hanya ta tsakiya wadda ni ma na fi yabawa ga mai ƙaramin gida: a jera kayan a marataya a ɗaki ɗaya, a rufe ƙofa, a kunna na'urar tsotse danshi. Wutar da take ja wat 200 zuwa 300 ne kawai, kafin safiya kayan sun bushe, ruwan kuma yana cikin tankinta maimakon jikin bango. Wadda take da hali da fili, ta sayi mai famfon zafi. Wadda ba ta da ko ɗaya, ta shanya a banɗaki ko kicin, ta buɗe taga ko da yatsa biyu ne, ta bar fankar fitar da iska a kunne. Ɗakin barci dai a bar shi.

Wani abin da ya ƙara nuna mini cewa maganar ba ta arziki ba ce shi ne ƙasashen da ke da kuɗi amma suka riƙe igiyarsu. A Italiya, musamman tsofaffin lungunan Napoli, igiya ce daga wannan bene zuwa wancan, an sa mata 'yar taya ana ja. Wuta na da tsada a can, kuma mitar yawancin gidaje wat 3,000 take ɗauka, in aka haɗa injin da tanda sai ta yanke. A Japan baranda da sandar shanya suna cikin tsarin gida, ana fitar da katifun shimfiɗa su sha rana, har hasashen yanayi yakan faɗi ko yau ranar wanki ce. Da damunarsu ta Yuni da Yuli ta shigo, ko lokacin da ƙurar furen itatuwa ke sa mutane atishawa, sai su koma banɗaki, inda gidaje da yawa ke da na'urar hura iska mai ɗumi a rufi. A Singafo, inda mafi yawan jama'a ke zaune a benayen gwamnati, sandunan gora ake zura wa kaya a turo su waje ta taga. Ostareliya kuwa tana alfahari da wata maratayar tsakar gida mai juyawa kamar laima, Hills Hoist, wadda Lance Hill ya fara ƙerawa a Adelaide a 1945, har an nuna ta a bikin rufe gasar Olamfik ta Sydney a 2000.

Ƙasashen Larabawa na da nasu salon. Duk wanda ya yi aikin Hajji ya san jallabiyar da aka wanke aka shanya a saman masauki a Makka ba ta kai awa guda. Amma a Abu Dhabi da Sharja hukuma na cin tarar wanda ya rataye kaya a barandar da ke kallon titi, saboda kyan gari. Mazauna can sukan sa marataya gajeriya wadda ba ta leƙo saman bangon baranda, ko su shanya a ciki, tunda na'urar sanyaya ɗaki ita ma tana tsotse danshi.

Mu dawo gida, inda ƙanwata take. A Kano, Katsina, Sakkwato, Maraɗi ko Yamai, wata bakwai zuwa takwas a shekara babu injin da zai yi gasa da igiya. Ga kuma lissafin wuta. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin 'yan rukunin A a Najeriya, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 a yunit, daga baya ya tsaya wajen 209. A wannan farashin, zubi ɗaya a injin kondensa ya haura naira 900, in ana yi sau huɗu a sati kuwa shekara ta tasar wa naira 200,000, ban da kuɗin sayen injin. Wannan ma ga wanda ke samun wutar ke nan. Injin kondensa na jan wat 2,500 ko kusa da haka, ƙaramin janareta ba zai ko motsa shi ba, mai sola kuma zai ga batirinsa ya zube kafin kayan su bushe. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, kaya masu ɗumi da danshi su zauna a rufe cikin ganga, tsami za su yi, sai an sake ɗauraya.

Ba wai igiyar gida ba ta da nata ciwon kai ba ne. Ranar da hazo ya sauko, farar riga kan dawo da jan ƙasa a kafaɗa. A watan Agusta hadari kan haɗu cikin minti goma, ki ji ana "ku kwashe shanya!" kowa na gudu da kaya a ka. A gidan haya akwai rigimar wa ya riga wa kama igiya, akwai mai ɗauke abin da ba nasa ba, akwai akuyar maƙwabta da ke tauna bakin zane. Akwai kuma kunya: mace ba ta son ƙananan kayanta a idon jama'a, sai ta lulluɓe su da ɗankwali ko ta rataye a bayan ƙofa, inda ba sa bushewa da kyau. Amma duk waɗannan, rumfa da 'yar igiya ta biyu a cikin baranda sun magance su, a kan kuɗin da bai kai na injin ba.

Kudu daban ce. 'Yan'uwanmu na Agege a Legas, ko Sabon Zongo a Accra, ko Duwala, sun san yadda ruwan Yuni da Yuli ke yi, kwana uku kaya na rataye suna warin danshi. A Fatakwal tun ƙarshen 2016 baƙin toka ke sauka daga sama, farin kaya a waje ya zama abin tausayi. A yankunan nan masu laima ne kuma aka fi samun wani ƙuda da ke yin ƙwai a ƙasa mai yashi ko a jikin jiƙaƙƙen kayan da aka shanya a ƙasa ko a inuwa. Tsutsar takan huda fata ta zauna, abin ya fito kamar maruru, kuma jarirai ne suka fi shan wahalarsa. Zafi ke kashe ƙwan, ko na dutsen guga ko na inji. Mai jego a irin waɗannan garuruwan, in tana da tsayayyiyar wuta, ba zan ce ta yi almubazzaranci ba don ta sayi injin. In babu, kada a shanya kayan jariri a kan ciyawa ko ƙasa, kuma a goge su ciki da waje, har da nafkin da zanen goyo.

Akwai wuraren da injin ya fi igiya ko a ina ake. Tawul yakan fito da laushi maimakon ya bushe ƙandas. Bargo da zanen gado, waɗanda ke cinye igiya gaba ɗaya, awa biyu sun gama. Yunifom ɗin da aka tuna da shi ƙarfe tara na daren Lahadi zai samu shiga makaranta. Minti 30 a zafi mai ƙarfi yana kashe kuɗin cizo da ƙwansa, abin da ya kamata duk mai dawowa daga tafiya ko daga makarantar kwana ya sani. Tsohuwa mai ciwon baya ko mai zama a hawa na goma ba ta da ƙarfin jigilar bokiti.

Sai dai kayanmu na gado ba don ganga aka yi su ba, kuma a nan ba na sassautawa. Shadda darajarta maiƙonta, zafi da gogayya kuwa suna cinye shi, ta fito ta yi laushi kamar tsohon yadi. Kayan da aka sa wa sitaci so suke a baza su a igiya su sha iska su tsaya, in aka jefa su inji sitacin ya kakkarye ya bi rariya. Leshi mai duwatsu zai zubar da su. Babbar riga mai aiki, zaren aikin da yadin ba sa tsukewa daidai, sai gaban rigar ya tattare. Hula kuwa ba a ma maganarta, je ki ga masu wankin hula yadda suke ɗora kowacce a kan gungumen katako su jera a rana don kada ta rasa tsayuwarta. Burbushin da ake kwashewa a rariyar inji ba daga sama ya faɗo ba, jikin kayan ne ke raguwa kaɗan-kaɗan. Rana ma tana da nata ɓarnar: tana koɗar da atamfa da baƙin hijabi. Maganinta a juya kayan baibai, masu launi a shanya su a inuwar da iska ke ratsawa, farare a ba su rana sosai, a kuma kwashe da zarar sun bushe maimakon a bar su har magariba.

Wani abu da mutane ke tsallakewa shi ne matsa. Injin wankin da ke juyawa sau 1,400 a minti yana fitar da kaya da ruwa kaɗan ƙwarai in aka kwatanta da matsar hannu ko injin da ke tsayawa a 800. Ko igiya za ki bi ko ganga, wannan ne ke rage lokaci da kuɗi. Injin da ya haɗa wanki da busarwa wuri ɗaya kuwa yana da amfani ga mai ƙuntataccen wuri, amma abin da yake iya busarwa bai cika wuce rabi zuwa kashi biyu cikin uku na abin da ya wanke ba, sai an rage kayan.

Ni yanzu a Manchester haka nake yi: daga Oktoba zuwa Maris tawul, zanen gado da kayan makarantar yara suna shiga mai famfon zafi, atamfofina da shaddojin maigidan suna hawa marataya kusa da na'urar tsotse danshi. Daga Afrilu, duk ranar da gari ya washe, komai waje yake fita.

Ƙanwata ta goge injin daga jerinta. Da kuɗin aka ƙara aka sayi injin wanki mai matsa 1,400, aka kira mai walda ya kafa ƙarafa biyu a gefen tsakar gida ya ja waya huɗu, aka yi wa rabin wurin rumfar kwano ta yadda iska ke ratsawa ta ɓangarori uku. A watan Agustan da ya wuce ta turo mini hoto ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya, ga shaddar angon da zannuwanta a ƙarƙashin rumfar suna kaɗawa. Ta ce in ta wanke da safe, ko an yi ruwa, kafin la'asar ta kai su wajen mai guga.